Takardar Digiri Da Basirar Ƙirƙira: Nasiha Ga Ɗaliban Jami'a

Da sunan Allah Mai Rahama, Mai Jin Ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya halicci ɗan Adam, ya hore masa ji da gani da hankali, ya kuma sanar da shi abin da bai sani ba. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwana Musulmi, a wannan mako maganarmu za ta fuskanci 'ya'yanmu da ƙannenmu da ke karatu a jami'o'i, da kuma iyayen da suka sayar da amfanin gona da dabbobi domin su ga yaran nan sun zama mutane. Dalilin maganar kuwa shi ne wani saurayi da ya tare ni bayan sallar La'asar kwanakin baya, riƙe da wata jaka da ya tara takardunsa a ciki. Ya ce mini, "Allah gafarta Malam, shekarata huɗu ke nan da gama bautar ƙasa, babu ofishin da ban kai takarda ba. A taya ni da addu'a." Na yi masa addu'a, sa'an nan na tambaye shi, "Yaro, in yau wani mai kamfani ya zaunar da kai ya ce wace matsala tasa za ka iya warwarewa wadda ta gagari waɗanda ke wurin, me za ka ce masa?" Sai ya yi shiru, ya sunkuyar da kai. Can ya ce shi dai abin da aka koya masa ya haddace, ya rubuta a jarrabawa, ya kuma ci da kyakkyawan sakamako.

Wannan shiru nasa ya daɗe yana damuna, domin na san ba nasa ne shi kaɗai ba.

A shekarar 1962, lokacin da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, jami'o'i biyar ne kacal a duk faɗin Nijeriya. Wanda ya fito da digiri a wancan zamani, har zuwa shekarun 1970 da aka kafa jami'o'in Sakkwato da Maiduguri da ta Bayero, aiki ne ke nemansa. Gwamnati na jiransa da kujera, sau da yawa har da gida da rancen mota. Yau kuwa jami'o'in ƙasar nan sun haura 250, kowace shekara suna yaye dubun dubatar matasa, alhali kujerun gwamnati ba su ƙaru gwargwadon haka ba, manyan masaƙun Kakuri a Kaduna da masana'antu da yawa na Bompai da Sharaɗa a Kano kuma sun daɗe da rufewa. Takardar da a da take buɗe kowace ƙofa, yanzu kowa na da irinta. To, me zai sa a ɗauki wane a bar wane?

Masu ɗaukar ma'aikata sun ba da amsa da bakinsu. A rahoton da Dandalin Tattalin Arzikin Duniya, mai taro a Dabos ta ƙasar Suwizalan, ya fitar a shekarar 2023 game da makomar ayyuka, manyan kamfanonin da aka tambaya sun sa iya nazari da tantance al'amari a matsayi na farko cikin abin da suke nema ga ma'aikaci, basirar ƙirƙira kuma ta zo ta biyu. Dalili a fili yake. Duk aikin da maimaici ne kawai, kwamfuta ta fi mutum saurin yinsa, kuma tun daga ƙarshen shekarar 2022 na'urorin ƙirƙirarriyar basira sun shiga hannun kowa, suna rubuta wasiƙa, suna lissafi, suna fassara. Wanda hadda kaɗai ya iya, ya sami abokin gasa wanda ba ya gajiya, ba ya kuma neman albashi.

Me ake nufi da basirar ƙirƙira? Ya kamata mu gyara fahimta tun daga tushe. Halitta ta haƙiƙa, watau samar da abu daga babu, ta Allah ce Shi kaɗai, babu mai tarayya da Shi a cikinta. Abin da aka bai wa ɗan Adam shi ne ya dubi abubuwan da Allah ya riga ya halitta, ya gane wata alaƙa a tsakaninsu da wasu ba su lura da ita ba, ya haɗa su ta wata sabuwar hanya domin biyan wata bukata. Yumɓu na Allah ne, ruwa nasa ne, wuta tasa ce, amma wanda ya fara haɗa su ya gina tukunya ya yi ƙirƙira. Saboda haka duk mai basira bawa ne da ke juya dukiyar Ubangijinsa, kuma za a tambaye shi yadda ya juya ta.

A nan ne wani zai ce, "Malam, ashe ba an hana mu ƙirƙire-ƙirƙire ba? Ashe ba kullum a huɗubar Juma'a ana gargaɗinmu game da fararrun al'amura ba?" Wannan tambaya ce mai kyau, kuma rashin amsa ta ya cutar da mu ƙwarai. Malaman Usulu sun kafa ƙa'ida cewa asali a sha'anin ibada shi ne a tsaya inda nassi ya tsaya, ba mai ƙara raka'a a sallar Asuba don yana ganin ya yi dabara. Asali kuma a sha'anin al'adu da mu'amala da sana'o'i shi ne halacci, sai abin da shari'a ta hana. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wasu manoman Madina suna ɗaukar furen namijin dabino suna sa wa macen, ya nuna musu yana ganin ko ba a yi haka ba zai yi 'ya'ya. Suka bari, dabino ya lalace a shekarar. Da suka gaya masa, sai ya bayyana musu cewa su ne suka fi sanin sha'anin duniyarsu. Da wannan ya buɗe wa al'umma ƙofar gwaji da bincike a noma da ƙira da magani da ciniki. Abin takaici shi ne da yawa daga cikinmu mun juya al'amarin, muna sakaci da iyakokin addini, sa'an nan a sha'anin duniya mu ƙanƙame abin da muka tarar, ko fartanya ba ma son a sauya wa ƙota.

Mu dubi Alƙur'ani Mai Girma mu ga yadda ya siffanta wanda ya cancanci a ɗauke shi aiki. A cikin Suratul Ƙasasi, aya ta 26, ɗiyar dattijon Madyana ta shawarci mahaifinta ya ɗauki Annabi Musa aiki, ta kafa hujja da siffofi biyu, ƙarfi da amana. Malamai sun ce ƙarfin kowane aiki gwargwadonsa ne. Ƙarfin makiyayi a damtsensa yake, ƙarfin alƙali a ilminsa da adalcinsa, ƙarfin injiniya ko akawu na wannan zamani kuwa a iya warware matsala yake.

Ƙissar Annabi Yusufu ta fi fito da wannan fili. Sarkin Masar ya yi mafarkin shanu bakwai masu ƙiba da ramammu bakwai na cinye su, da zangarniya bakwai koraye da wasu busassu. Manyan fadarsa suka ce tarkacen mafarki ne. Aka aika wa Yusufu yana kurkuku, kuma abin da aka tambaye shi fassara ce kawai. To, lura da abin da ya yi. Bai tsaya a kan cewa za a yi shekara bakwai na wadata da bakwai na fari ba, sai ya ɗora da mafita: a yi noma shekara bakwai a jere, abin da aka girbe a bar shi a zangarniyarsa, sai ɗan abin da za a ci. Duk manomin da ya san rumbu ya san hatsin da ke cikin zangarniya ya fi sussukakke jure wa ƙwari da daɗewa. An yi masa tambaya ɗaya, ya ba da amsarta, ya kuma haɗa da tsarin da zai ceci ƙasa. Wannan ne ya sa sarki ya ce a kawo masa shi. Da ya zo, shi da kansa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasar, ya ambaci cewa shi mai tsarewa ne kuma masani, kamar yadda ya zo a aya ta 55. Ga darasi ga mai neman aiki: babu laifi mutum ya faɗi abin da ya iya, matuƙar ya riga ya nuna shi a aikace.

Annabi Dawuda kuwa, Allah ya tausasa masa baƙin ƙarfe, ya umurce shi a Suratu Saba'i ya ƙera sulkuna masu yalwa, ya kuma daidaita awon zobbansu. Wasu malaman tafsiri sun ce kafinsa faranta-farantan ƙarfe masu nauyi mayaƙa ke ɗaurawa, shi ne ya fara saƙa sulke da zobba, ya zama yana kare jiki ba tare da ya hana motsi ba. Ga Annabi, ga sarki, amma Imamul Buhari ya ruwaito cewa daga aikin hannunsa yake ci. Annabi Nuhu ya sassaƙa jirgi mutanensa na yi masa ba'a. Annabi Zakariyya kafinta ne. Zulƙarnaini, da mutanen da Yajuju da Majuju suka dama suka yi masa tayin lada, bai karɓa ba, ya ce su taimake shi da ƙarfinsu, ya jera guntayen baƙin ƙarfe, aka hura wuta, ya kwarara narkakken tagulla a kai. Wanda ke karanta Suratul Kahfi kowace Juma'a, ya kamata ya tsaya a wannan wuri ya yi tunani.

Haka sahabbai suka tashi. Masu tarihin Annabi sun kawo cewa a Badar, shekara ta 2 bayan Hijira, Hubabu ɗan Munziru ya tambayi Manzon Allah ko wurin da suka sauka wahayi ne ko dabarar yaƙi. Da ya ji dabara ce, sai ya ba da shawarar a matsa zuwa rijiyar da ta fi kusa da abokan gaba, a gina tafki a cika shi da ruwa, a toshe sauran rijiyoyin, aka kuwa bi shawararsa. Dubi ladabin wannan bawan Allah. Ya fara tantance inda hankali ke da izinin magana, sa'an nan ya yi magana ba tare da tsoro ba. A shekara ta 5 kuma, rundunar da ta kai kimanin 10,000 ta nufo Madina, Musulmi kuwa ba su wuce 3,000 ba. Salmanul Farisi ya ce a ƙasarsu in aka ji tsoron dawakai, rami ake haƙawa. Larabawa ba su san wannan ba, amma Annabi bai ce dabarar Majusawa ce ba. Ya karɓa, ya shiga cikin masu haƙa da hannunsa mai albarka. Salmanu bai ƙago rami ba, abin da ya yi shi ne ya ɗauko sani daga wani wuri ya kawo shi inda ake bukatarsa, kuma yawancin ƙirƙira haka take.

Zaidu ɗan Sabitu yana saurayi Annabi ya umurce shi ya koyi rubutun Yahudawa, ya ƙware cikin kimanin rabin wata, ya zama shi ke karanta wasiƙunsu yana rubuta amsa. Abdurrahmani ɗan Aufu ya iso Madina hannu rabbana, ɗan'uwansa Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi masa addu'ar albarka ya ce a nuna masa kasuwa. Ya fara da cuku da man shanu, ya ƙare yana daga cikin mafiya arzikin sahabbai. Sayyidina Umaru shi ya kawo shawarar tattara Alƙur'ani wuri guda bayan mahaddata da yawa sun yi shahada a Yamama, a zamanin halifancinsa kuma ya kafa diwani na rubuta sunayen mayaƙa da rabonsu, ya tsayar da ƙidayar shekara daga Hijira.

Malaman da suka biyo baya ma ba su raba ilmi da bukatar jama'a ba. Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ya wallafa littafinsa na Aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820 Miladiyya, zamanin Halifa Ma'amun, kuma ya bayyana cewa ya yi shi ne saboda abin da mutane ke bukata a rabon gado da wasiyya da ciniki da awon filaye. Kaso mai yawa na littafin lissafin gado ne. Daga sunan wannan malami Turawa suka samo kalmar da a yau ake kiran jerin matakan da kwamfuta ke bi. Ashe ilmin fara'ili da ake karantawa a zaure yana da dangantaka ta jini da wayar da ke aljihun ɗalibi. Abul Ƙasim Azzaharawi a Andalus ya zana kayan fiɗa kimanin 200 a littafinsa Attasrif, da yawa shi ya ƙago su. Alhasan ɗan Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya rubuta littafi sukutum a kan shakkunsa game da maganganun Batlimus, ya kuma tabbatar da gwaji cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo. Masu tarihi sun ce ya taɓa yi wa sarkin Masar alkawarin zai daidaita ambaliyar Kogin Nilu, da ya je kusa da Aswan ya duba wurin sai ya gane aikin ya fi ƙarfin kayan zamaninsa, ya komo ya faɗi gaskiya. Sai a shekarar 1970 aka kammala babbar madatsar Aswan. Wannan faɗuwa ba ta hana shi zama uban ilmin haske ba.

Kada wani ya ce wannan labarin Larabawa ne. Kakanninmu sun ɗauki haruffan Larabci suka sarrafa su suka rubuta Hausa da Fulatanci da ajami. Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta ga matan karkara ba za su iya barin gidajensu su zauna gaban malami ba, sai ta kafa tsarin 'Yan Taru. Ta zaɓi dattijai mata, ta naɗa su jajis, ta ba su malfa, ta mayar da darussa waƙoƙi masu sauƙin hadda, su kuma suka kai su ƙauyuka. Ba ta ƙara ko harafi a addini ba, hanyar isar da shi ce ta ƙago. Baturen nan Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar da tufafin da masaƙa da marinan Kano suka yi suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus.

A zamaninmu ma akwai abin koyi. Marigayi Muhammad Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa wanda ya tashi a gidan maginan tukwane, ya ga kayan lambun manoma na ruɓewa saboda zafi da rashin lantarki. A shekarun 1990 ya ɗauki tukunya biyu, ya sa ƙarama a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yayin da ruwan ke tsotsowa waje yana bin iska, sai ya tafi da zafin da ke ciki. Yalon da ke lalacewa cikin kwana uku ya riƙa kaiwa kusan mako huɗu. Kowace tsohuwa ta san randa na sanyaya ruwa, kowane ɗalibin kimiyya kuma ya karanta dalilin haka a littafi, amma shi ne ya haɗa sanin tsohuwar da na littafin ya kai wa manomi, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, ya fara da karatun zanen gine-gine a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, ya wuce Ditroyit ta Amurka, ya zama wanda ya zana siffar motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors. A Jamhuriyar Nijar kuma, Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya ƙarar da rayuwarsa yana binciken yadda zafin ranar da kowa ke kuka da shi zai zama makamashi.

To, ya kai ɗalibi, ta yaya za ka raini wannan baiwa a cikin shekaru huɗu ko biyar da za ka yi a jami'a? Ga abin da nake ganin zai taimake ka, da yardar Allah.

Da farko ka gyara niyya. Wanda ya shiga jami'a don takarda kawai, takarda zai fito da ita. Wanda ya shiga da nufin ya kare mutuncinsa daga roƙo, ya ciyar da iyayensa, ya kuma ɗauke wa al'umma wani farilla na kifaya, karatunsa ibada ne, idonsa kuma zai riƙa ganin abin da na farko ba ya gani. Malamai irin su Imamul Gazali sun bayyana cewa likitanci da lissafi da tushen sana'o'i kamar noma da saƙa farillai ne na kifaya, in gari ya rasa mai yinsu, duk mutanen garin sun yi laifi.

Na biyu, ka ƙware a tushen fanninka. Kada ka fahimci maganata a kan cewa hadda ba ta da amfani. Ba a yin gini sai da tubali, kuma mujtahidi bai zama mujtahidi ba sai da ya haddace nassoshi. Aibin shi ne a tsaya a haddar. Duk ƙa'idar da aka koya maka, ka tambayi kanka daga ina ta fito, a ina take aiki, a ina kuma take gazawa.

Na uku, ka koyi kallo. Allah ya yi ta kiranmu a Littafinsa mu dubi raƙumi yadda aka halicce shi, mu dubi sama da duwatsu da ƙasa, mu yi tunani a kan saɓawar dare da rana. Ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta duk wata wahala da ka ga mutane na sha. Tumatirin Kadawa da ke zubewa a lokacin kaka, albasar Aliyaro da ke ruɓewa a ma'ajiya, nonon da ke tsami kafin ya iso gari, layin da mata ke yi a asibiti tun asuba saboda neman kati, ɗan kasuwar da ba ya iya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, magadan da ke shekara suna jiran a lissafa musu rabonsu. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan aiki ce da ke jiran mai yi, kuma wanda ya warware ta ba zai yi yawo da takarda ofis ofis ba.

Na huɗu, ka sauke girman kai ka je wurin masu sana'a. Makerin Panteka a Kaduna da bai taɓa shiga aji ba yana iya ƙera injin da kai mai karatun injiniya ba ka taɓa kwancewa ba, kai kuma kana da lissafin da zai gyara masa aikinsa. Hutun da kake ɓatawa a majalisa, ka kai shi gareji ko gona ko shago. Haka kuma ka yi abota da waɗanda ba fanninku ɗaya ba. Mai karatun shari'a ya zauna da mai karatun kwamfuta, mai aikin gona ya zauna da mai tattalin arziki, domin a mahaɗar hanyoyi ake cin kasuwa.

Na biyar, ka ɗauki damar da jami'a ta ba ka da muhimmanci. Tun shekarun 1970 aka kafa shirin tura ɗalibai masana'antu su koyi aiki, daga shekarar karatu ta 2007 kuma Hukumar Kula da Jami'o'i ta wajabta darasin dogaro da kai ga kowane ɗalibi, hukumar bautar ƙasa ma ta shigo da koyar da sana'o'i a 2012. Amma sau nawa muke ganin ɗalibi ya kai takardarsa an sa masa hannu bai taka wurin aikin ba? Kundin binciken shekarar ƙarshe, wanda shi ne wuri ɗaya da aka ce wa ɗalibi ya kawo nasa tunanin, shi ne ake saye ko a kwafo na wani, ko a sa na'ura ta rubuta. Wanda ya yi haka ya yi ha'inci, kuma Annabi ya barranta daga mai ha'inci a ranar da ya sa hannu cikin tarin hatsin wani ɗan kasuwa ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa. Bayan zunubin kuma, ya cuci kansa, don ya sayar da damar da zai nuna wa mai ɗaukar aiki abin da ya taɓa yi da kansa.

Na shida, kada tsoron kuskure ya ɗaure ka. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa mai hukunci in ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya dace yana da lada biyu, in ya kuskure yana da ɗaya. Addinin da ya ba mai kuskure lada saboda ƙoƙarinsa ba zai so mabiyansa su zama matsorata ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Na bakwai, ka tsare lokacinka, musamman bayan sallar Asuba. Annabi ya roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta, kuma sahabin da ya ruwaito hadisin, Sahru Algamidi, ɗan kasuwa ne da ke aika hajarsa da sassafe, ya kuwa yi arziki. Tunani na bukatar natsuwa, zuciyar da waya ke fizga kowane minti ba ta haifar da komai.

Sai dai akwai gargaɗi. Basira daban, wayon zamba daban. Yaron da ya ƙware wajen yaudarar mutane ta intanet, da mai haɗa jabun magani, da mai ƙago sabuwar hanyar cin riba da sunan ciniki, duk sun yi amfani da ƙwaƙwalwa, amma sun riƙe ƙarfi sun yar da amana. Allah ya ba mu labarin Ƙaruna, wanda ya ce ilminsa ne ya ba shi dukiya, da yadda ƙasa ta haɗiye shi da gidansa. Duk dabarar da ba za ka so a bayyana ta gaban mahaifinka ba, ka bar ta tun kafin a bayyana ta gaban Ubangijinka.

Ban ɗora wa ɗalibai laifin duka ba. Ya ku malaman jami'a, ɗalibin da aka kayar saboda ya amsa tambaya da kalmomin da ba na takardar malami ba, an koya masa kada ya sake tunani, kuma ku ne za a tambaya. Ya ku iyaye, yaron da ke kwance rediyo don ya ga abin da ke ciki, kada a kashe masa zuciya da duka, a nema masa wanda zai koya masa mayarwa. Ku bar 'ya'ya mata su ma su nuna abin da Allah ya ba su, Nana Asma'u hujja ce a kanmu. Ya ku mawadata, shari'a ta buɗe muku ƙofar ƙiradi, ku ba da jari, saurayi mai basira ya ba da aiki, a raba riba bisa yarjejeniya. Ya ku shugabanni, babu ƙirƙirar da za ta yi ƙarko a inda babu lantarki da tsaro, kuma kowane makiyayi abin tambaya ne game da abin kiwonsa.

Arziki na Allah ne, babu mai musun wannan. Amma tsuntsun da Annabi ya buga mana misali da shi a kan tawakkali, da sassafe yake fita da yunwa, sa'an nan ya komo da yamma a ƙoshe. Shi kuwa saurayin nan da na ambata, na ce masa ya je ya zauna mako biyu a shagon kawunsa mai sayar da hatsi, ya rubuto mini abu goma da ke jawo wa shagon asara, sa'an nan mu zauna mu ga wanne karatunsa zai iya magancewa. Ina jiran dawowarsa, ina kuma yi masa kyakkyawan zato.

Allah ya sanar da mu abin da zai amfane mu, ya amfane mu da abin da ya sanar da mu. Allah ya buɗa basirar 'ya'yanmu, ya ba su sana'a ta halal mai albarka, ya tsare su daga zaman banza da cin haram. Allah ya saka wa iyaye da malamai da alheri, ya ba ƙasarmu lafiya da wadata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.